Kuɗi a hannun uwa ko shirin renon yara: ina ya kamata gidauniya ta sa tallafinta?

Mai buɗe muhawara: Assalamu alaikum. Akwai masu cewa gidauniyar da ke son taimakon iyalai masu ƙaramin ƙarfi da ke da ƙananan yara ta rage kuɗin da take ba ƙungiyoyi, ta riƙa damƙa shi kai tsaye ga iyaye, kuma ni ina tare da su. A 2021 Amurka ta faɗaɗa rangwamen harajin yara, ta riƙa biyan iyalai wata-wata, sai talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 cikin ɗari. Da shirin ya ƙare, ya haura zuwa 12.4 a 2022. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malamar renon yara: Wa alaikumus salam. Malam, ban ƙi ta taka ba, amma fitar iyali daga layin talauci daban, buɗewar basirar yaro daban. A wani bincike mai suna Baby's First Years da aka fara a Amurka a 2018, an raba uwaye 1,000 gida biyu, wasu suna karɓar dala 333 a wata, wasu dala 20, kuma da yaran suka kai shekara huɗu ba a ga wani bambanci a fili ba a gwajin harshe da tunani. A Jamaika kuwa, ma'aikatan lafiya sun yi shekara biyu suna shiga gidaje kowane mako, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, bayan shekara 20 aka tarar yaran suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa wannan shiri ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Na taɓa karɓar yaro ɗan shekara uku wanda da yatsa yake nuna duk abin da yake so. Ba yunwa ce ta hana shi magana ba, rashin mai yi masa ne.

Mai buɗe muhawara: Malama, kada a manta annobar korona ta faɗo a tsakiyar wancan bincike na Baby's First Years, gwamnati ta raba tallafi ga kusan kowa, sannan hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin. Duk da haka uwayen da suka fi samu sun ƙara sayen littattafai da kayan wasan yara, wato ba almubazzaranci suka yi ba.

Akawun wata ƙungiya: Da izininku, ni abin da ya fi damuna shi ne wa'adin tallafi. Wata gidauniya ta ba mu kuɗin shekara ɗaya, muka horas da ma'aikata masu ziyartar gidaje, suna fara sabawa da iyalai sai aka ce an sauya tsari, ni ne na rubuta musu takardun sallama. Shirin Perry, wani shirin makarantar share fage na ƙananan yara da aka fara a jihar Michigan ta Amurka a 1962, yara 123 kawai bincikensa ya ƙunsa, kuma sai da aka bi su har suka manyanta kafin a ga cikakken amfaninsa. Misalinka na haraji kuma, Malam, aljihun gwamnati ne. Babu gidauniyar da za ta iya ɗaukar wannan nauyi.

Malamar renon yara: To, Malam, idan kuɗin gidauniyar bai wuce na iyalai ɗari biyar ba, shekara nawa za ka yi musu alkawari, kuma wa zai ci gaba da biya ranar da ta janye?