Keken jariri a jirgi: cikin kilo yake ko kyauta ne?

Ƴar Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tafiya ce daga Maraɗi zuwa Yamai, daga can zuwa Jidda da sauyin jirgi a hanya, da yarinya ƴar wata 8. Keken jariri, puset ɗin nan, ana lissafa shi cikin kilo? A kantar auna kaya ake miƙa shi da akwatuna ko ana tura shi har bakin jirgi? In ya karye wa ke biya?

Ɗan Mokoyo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron da bai cika shekara 2 ba, in a cinya zai zauna, jariri ne a lissafinsu. A tafiyar ƙasa da ƙasa galibi kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa, amma dole sunanta ya shiga tikiti, kuma ta samu fasfo nata. Yawancin kamfanoni na ɗaukar keke ɗaya mai naɗewa kyauta, ban da kilon da suka ba jariri, wanda wasu ke sa 10, wasu akwati ɗaya na 23. Ki duba tikitinta, ba naki ba, a nan aka rubuta.

Hanya uku ce. Ko ki miƙa shi a kanta ya bi akwatuna, ko ki tura shi har ƙofar jirgi a karɓe shi a can a sa a ciki ta ƙasa, ko ki shiga da shi a hannu. Ta ukun sai in ya naɗe bai wuce kamar santimita 55 da 40 da 23 ba, nauyinsa kilo 7 zuwa 8, kuma shi ne zai cinye miki gurbin jakar hannu a kamfanoni da yawa. Kekunan da ke kasuwarmu kaɗan ne ke shiga wannan awo. Ta biyu ta fi.

Amma ko da bakin jirgi za ki kai shi, tun a kanta ki nuna shi a ɗaura masa lamba. Ki riƙe ɗan guntun takardar da za su ba ki. Sannan ki yi musu tambayar da ta fi komai: a ina za a mayar mini da shi? Wasu na kawo shi bakin jirgi da an sauka, wasu sai wurin ɗaukar kaya, wasu kuma in lambar ta nuna Jidda, ba ki sake ganinsa sai Jidda. Ke nan awa 5 ko 6 na jiran jirgi na biyu a Adis Ababa ko Istanbul, yarinya na hannunki. In kina son sa a wurin sauyi, ki faɗa kafin a buga lambar. Bayan an buga, gyara da wuya.

Hajiyar Ali Ɗan Sofo:
Ƙanwata, maganar Malam daidai ce. Zan ƙara da abin da ke lalacewa, don keke ba ya tafiya a lallaɓe, tsakanin akwatuna masu kilo 23 da 32 yake kwana. Ƙafafun gaba masu juyawa su ke fara ɓallewa, sai sandar rumfa ta lanƙwashe. Dalili ɗaya ne: ɗan makullin da ke riƙe shi a naɗe roba ce, in ya saki keken ya buɗe, sai a danne shi haka. Ki kulle ƙafafun gaba, in masu cirewa ne ki cire ki sa a jaka. Ki ɗaure shi da igiya ko bel wuri biyu. Gidan sauro, matashi da abin riƙe bibero duk ki kwashe. Jakar keke in akwai, in babu buhu mai kauri ya isa, da suna da lambar waya a jiki.

Kada ki cusa kush, wato ƙunzugun jariri, da tufafi a cikin buhun. In sun lura, ya tashi daga keke ya koma kaya, sai a ɗora a sikeli.

Babban keke mai gida biyu, kujera daban ƙarfe daban, ki bar shi a gida. Nauyinsa ya kan wuce kilo 10, kuma akwai masu ƙin karɓarsa a ƙofa. Mai naɗewa kamar laima, ɗan kilo 5 ko 6, shi ne na tafiya.

A wurin bincike za a ce ki ciro yarinya, keke ya bi na'ura. Madararta da ruwanta ba sa cikin dokar da ta hana shiga jirgi da abu mai ruwa a kwalbar da ta wuce mililita 100, amma ki fito da su a gani. Zanin goyo kuwa kada ya shiga akwati. Shi ne keken da ba ya ɓata. Sai dai lokacin tashi da sauka za ki kwance ta, a ba ki ɗan bel da ake sarƙawa da naki.

Ɗan Mokoyo:
Na manta batun biya. In ya fito a karye ko bai fito ba, kada ki bar zauren kaya. Ki je ofishin kayan da suka ɓata, a cika miki takardar rahoton kayan da suka lalace ko suka ɓata, da ake kira PIR, da guntun lambar nan da katin shiga jirgi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, ta ƙasashen duniya kan sufurin jirgin sama, ta ba da kwana 7 na kai kuka a rubuce kan kayan da suka lalace, kwana 21 kan waɗanda suka makara. Ki ɗauki hoton keken a waya kafin ki miƙa, don ƙarce da ɗan tabo ba sa biya, kuma sai kin nuna lafiya lau ya shiga.

In jirgin cikin gida za ki hau daga Maraɗi, tikiti daban ne, dokar kilo daban, ma'ajin sama ƙarami. A Yamai za ki karɓi komai ki sake miƙawa, to ki bar tazara mai yawa, kwana ɗaya ma ya fi.

Ƴar Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Namu mai gida biyun ne, Yaya. Bari a nemi aron ƙarami.