Waɗanda suka karanta tarihin Turai na zamanin tsakiya, yaya kuka yi da shi?

Tsohon Akawu:

Assalamu alaikum. Bayan na ajiye aiki, ɗana ya kawo mini wani littafi mai kauri da aka rubuta da Turanci domin wanda ba masanin tarihi ba, kan tarihin Turai tun daga shekarar 476, lokacin da Odoacer ya tuɓe sarkin ƙarshe na Rum ta yamma, har zuwa 1453 da Turkawa suka ci Kustantiniyya a ƙarƙashin Sultan Muhammadul Fatih. Sau biyu ina fara shi, sau biyu kuma ina ajiye shi ban kai shafi na ɗari ba. Turancin bai gagare ni ba. Abin da ya gagare ni shi ne yawan ƙabilu da ke shigowa suna ficewa, Goth da Vandal da Frank da Lombard, sannan ga sarakuna masu suna iri ɗaya, ta yadda sai na yi nisa da labarin wani Charles kafin in gane cewa ya daɗe da mutuwa, jikansa ake magana. Ina roƙon waɗanda suka taɓa karanta irin wannan littafi har ƙarshe su gaya mini yadda suka yi, da abin da suka samu a ciki wanda ya cancanci wahalar.

Almajirin Zaure:

Wa alaikumus salam, Baba. Abin da ya same ka ya same ni, kuma abin da ya fitar da ni fensir ne. Na lura cewa shekarun da ke cikin littafin ba su da ƙugiyar da za su rataya a kaina, alhali tarihin Musulunci na wannan lokaci na san shi tun a zaure, sai na riƙa rubuta abin da na sani a gefen kowane shafi. Yaƙin da Charles Martel, jagoran Frank, ya yi da rundunar Abdurrahman al-Gafiƙi kusa da Tours ta Faransa a 732, na rubuta a gefensa cewa shekara ɗari ke nan cif bayan wafatin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ranar Kirsimetin shekarar 800 da Fafaroma Leo na Uku ya ɗora wa Sharlaman, wato Charles Mai Girma sarkin Frank, kambi a Roma, na rubuta cewa Haruna Rashid ke kan gadon halifanci, Imamu Malik ya rasu da shekara biyar, Imamu Shafi'i kuma yana raye. Ashe ma sarakunan biyu sun yi aike a tsakaninsu, har Haruna ya aika wa Sharlaman giwa wadda ta isa birnin Aachen a 802. Da na zo kan huɗubar Fafaroma Urban na Biyu a Clermont a 1095 da faɗuwar Ƙudus a hannun 'yan Salibi a 1099, na tuna cewa Imamu Gazali bai rasu ba sai 1111, wato duk wannan ya faru yana da rai. Tun daga nan mutanen littafin suka zama maƙwabtan waɗanda na riga na sani, ban ƙara ɓacewa ba.

Manomin Fadama:

Baba, ni babin sarakuna tsallake shi na yi a karon farko, kuma ban ji kunya ba. Na tafi kai tsaye babin noma, domin mafi yawan mutanen wancan zamani manoma ne, a nan kuwa nake da ido. Ƙasar arewacin Turai laka ce mai nauyi da damshi, saboda haka sai da suka samu babbar garma mai ƙafafu wadda shanu da yawa ke ja, wani lokaci har takwas, kafin su iya juya ta yadda ya kamata. Da yake talaka ɗaya ba shi da shanu takwas, sai ƙauye ya haɗa ƙarfi, abin da ya tuna mini da gayya. Sun kuma raba gonakin gari kashi uku: kashi ɗaya alkama da ake shukawa da kaka, kashi ɗaya sha'ir ko wake bayan sanyi ya wuce, na ukun a bar shi saura ya huta, a shekara mai zuwa a juya. Talaka yakan yi kwana biyu ko uku a mako a gonar ubangidan ƙasa kafin ya koma tasa, kamar gandu da gayauna, dole ne ya kai hatsinsa injin niƙan ubangida ya biya, sannan ya fitar da ɗaya cikin goma ya ba coci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babbar yunwar 1315 zuwa 1317, wadda yawan ruwan sama ne ya kawo ta, hatsi ya ruɓe a gona. Na daɗe ina juya wannan a raina, ni da na tashi da sanin cewa fari ne uban yunwa.

Malamar Sakandare:

Malam Manomi ya kawo hanya mai kyau, amma ina so in ja hankali a kan kwatance, domin ni kaina ya taɓa kai ni ya baro. Kama da wane ba ta wane. Lokacin da na karanta yadda barde yake durƙusawa ya sa hannuwansa cikin hannuwan ubangidansa ya yi rantsuwar biyayya, shi kuma a ba shi ƙasa, nan da nan na ce wannan ai caffa ce, na zana wa ɗalibaina tsani a allo: sarki a sama, hakimai a ƙarƙashinsa, barade, sannan talakawa. Daga baya na karanta wani littafi da ya fi na farkon sabunta, na tarar masana da yawa sun daina yarda da wannan tsani, saboda a zahiri mutum ɗaya yakan yi mubaya'a ga iyayen gida biyu ko uku, kuma abin da ake yi a arewacin Faransa ba shi ake yi a Italiya ba.

Misalin da ya rushe mini tsanin shi ne na sarkin Ingila. Tun da William na Normandi ya ci Ingila a 1066, sarkin Ingila ya zama sarki mai cin gashin kansa a tsibirinsa, amma bara ne na sarkin Faransa a kan ƙasashen da yake riƙe da su a tsallaken ruwa. Da Eleanor ta Akwiten ta rabu da Louis na Bakwai na Faransa ta auri Henry, wanda ya zama sarkin Ingila Henry na Biyu, a 1152, ta tafi da ƙasarta mai faɗi gidan sabon mijin, sai baran ya fi ubangidansa ƙasa a cikin Faransa kanta. Wannan ƙulli yana cikin tushen yaƙin Ingila da Faransa da aka fara a 1337 aka ƙare a 1453. Game da rikicewar sunaye kuwa, Baba, ka samu takarda guda ka zana salsalar gida kamar yadda muke jera ta sarakunanmu. Charles Martel ya haifi Pepin, Pepin ya haifi Sharlaman, Sharlaman ya haifi Louis, Louis ya haifi Charles mai Sanƙo. Da zarar ka gan su a jere, rikicin ya ragu da rabi.

Mazaunin Kolon:

Gaisuwa ga Baba da sauran jama'a. Na karanta irin wannan littafi kafin in zo Jamus, kuma na rufe shi da tunanin cewa shekara dubu ce ta duhu da jahilci. Gani ya kori ji. Babbar majami'ar Kolon, wadda nake wucewa ta gabanta kusan kullum, an aza harsashinta a 1248, aikin ya tsaya ɗaruruwan shekaru, ba a kammala ba sai 1880, hasumiyoyinta biyu kuma sun kai mita 157. Maginan da suka fara ta sun san ba za su ga ƙarshenta ba, kuma sun yi lissafin yadda dutse zai ɗauki dutse har bango ya zama kusan gilashi zalla. A Aachen, wadda ba ta da nisa a jirgin ƙasa, na shiga ɗakin ibada mai kusurwa takwas da Sharlaman ya gina, na ga kujerar farin dutse da aka naɗa sarakunan Jamus kimanin talatin a kanta, kujerar da ba ta da wani ado ko kaɗan.

Sai daga baya na fahimci cewa laƙabin duhu ya samo asali ne daga malaman Italiya irin su Petrarch a ƙarni na 14, waɗanda suke ganin duk abin da ya biyo bayan tsohuwar Rum koma baya ne. Amma a cikin wannan zamanin da aka kira na duhu ne aka kafa jami'o'in Bologna da Faris da Oxford. Duk da haka ba na so ginin ya ruɗe ni ta ɗaya ɓangaren, domin abin da ya saura a tsaye na bishop-bishop ne da sarakuna, gidajen katako da ciyawa na talakawan da Malam Manomi ya yi magana a kansu kuwa ƙasa ta daɗe da cinye su.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ni a shekarar 2020 na karanta nawa, lokacin kullen korona, kuma babin annoba ne ya riƙe ni har tsakar dare. Cutar ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Messina a tsibirin Sisili a 1347, kafin 1351 ta ratsa kusan duk nahiyar, ta kashe aƙalla ɗaya cikin uku na jama'a. Na ga halayen da na sani a wurin aiki: masu gudu su bar majinyaci, masu tsayawa su mutu tare da shi, da masu neman wanda za su ɗora wa laifi, har aka kashe Yahudawan Strasbourg a 1349 bisa ƙaryar cewa sun zuba guba a rijiyoyi. Birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta yau, ya kafa dokar tsare baƙi kwana talatin a 1377, daga baya wasu garuruwan suka mayar da ita kwana arba'in. Da ma'aikata suka yi ƙaranci ladan ƙwadago ya tashi, sai majalisar Ingila ta yi doka a 1351 don danne shi, kuma fushin wannan danniya da na harajin kai yana cikin abin da ya haifar da boren manoma na 1381. Littafina bai ambata ba, amma annobar nan ce ta kashe iyayen Ibn Khaldun a Tunis.

Ɗan Canji:

Maganar Hajiya ta ƙarshe ita ce ƙorafina, Baba. Littafin da na karanta ya ce tarihin Turai ne, amma Faransa da Ingila da Jamus da Italiya suka cinye shi, Kustantiniyya ta samu babi ɗaya, Andalus kuwa shafuka kaɗan, alhali Musulmi sun yi mulki a can daga 711 har 1492, kuma a ƙarni na 10 Ƙurɗuba ta fi kowane birni a yammacin Turai girma. Ni da kuɗi ne sana'ata, sawun zinariya na bi. Sarki Offa na Mercia a Ingila ya buga kuɗin zinariya a ƙarni na 8 yana kwaikwayon dinarin halifa Mansur, da rubutun Larabci a jiki da sunansa a tsakiya. Leonardo na Pisa, wanda ya yaɗa lambobin da muke lissafi da su yau ta littafinsa na 1202, a Bijaya ta Aljeriya ya koyo su. Florence da Genoa sun fara buga kuɗin zinariya a 1252, kuma zinariyar Afirka ta Yamma da ke ratsa Sahara tana cikin abin da ya ciyar da wannan kasuwa, har taswirar da aka zana a Majorka wajen 1375 ta nuna Mansa Musa zaune da dunƙulen zinariya a hannu. A Toledo kuma, bayan Kiristoci sun karɓe ta a 1085, aka fassara Ƙanun na Ibn Sina zuwa Latin, aka yi ɗaruruwan shekaru ana koyar da likitoci da shi. Duk wannan sai da na haɗo shi daga littattafai uku.

Malamar Sakandare:

Ƙorafin Alhaji gaskiya ne, kuma shi ya sa nake duba shekarar da aka fara buga littafi kafin in saya. Kowane marubuci yana da matsaya ko da bai faɗa ba. Masanin nan ɗan Beljiyam, Henri Pirenne, a littafinsa da ya fito a 1937 bayan rasuwarsa, ya ce yaɗuwar Musulunci ce ta yanke cinikin Bahar Rum ta tilasta wa Turai komawa arewa, kuma littattafan gama-gari sun daɗe suna maimaita wannan, har masu haƙa kayan tarihi suka nuna cewa cinikin ya fara ja da baya tun kafin ƙarni na 7. Tsohon littafi yakan fi daɗin labari, amma sabo ya fi ba Gabas da Andalus da mata haƙƙinsu. Wanda ba shi da taswira da fihirisa kuwa, ko kyauta aka ba ni ba na fara shi.

Tsohon Akawu:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na ɗauko littafin karo na uku, da fensir a hannu da takardar salsala a gefe, kuma na bi shawarar Malam Manomi na fara leƙa babin haraji, inda na tarar da ƙidayar dukiya da William ya sa aka yi a Ingila a 1086, gari bayan gari, har da garmuna da injinan niƙa da aladu. Akawu ya ga aikin 'yan uwansa, sai da na yi murmushi ni kaɗai. Daga nan na koma farko, yanzu ina shafi na 140, inda jikokin Sharlaman uku, Lothair da Louis da Charles, suka raba daular kakansu a Verdun a 843. Na rubuta a gefen shafin cewa Imamu Buhari yana da shekara 33 a lokacin. Malama, idan na kai rigimar Henry na Huɗu da Fafaroma Gregory na Bakwai a Canossa, zan dawo da tambaya a kan wanda ke da ikon naɗa bishop.