Neman shawara kan haɗa kayan adon kai da yumɓun folima da tsintuwar gwanjo

Bazazzagiya (Tudun Wada):

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na fara gwada sana'ar haɗa kayan adon gashi na yara mata, wato maƙalai, da ribom mai kwalliya, da duwatsun da ake zurawa a bakin kitso, ina amfani da yumɓun nan na roba da ake kira folima, wanda ƙanwata ta yi mini odarsa daga Legas. Ƙarafunan maƙalin da sauran kayan kwalliya kuwa a cikin gwanjo nake tsintarsu a kasuwar Sabon Gari, irin su sarƙoƙin da suka tsinke, da warin ɗan kunne, da maɓallan rigunan sanyi, wani lokacin har da guntayen leshi da teloli ke ba ni.

Abubuwa uku ne suka sha mini kai. Furannin da nake yi suna fitowa da kyau, amma da zarar yarinya ta ɗan matsa ganyen furen sai ya ɓalle. Waɗanda ba su karye ba kuma sukan rabu da ƙarfen bayan 'yan kwanaki, duk da cewa gam mai saurin kamawa nake sa musu. Sannan ga matsalar wuta, domin ƙaramin obin na lantarki gare ni, kuma sau da yawa ana ɗauke wutar ina tsakiyar gasawa. Shin zan iya gasa su a tukunya da yashi a kan gas, kamar yadda muke gasa kek? Ina so in shirya kaya kafin Sallah, don haka ina neman shawarar waɗanda suka san aikin.

Malamin Zane (Samaru):

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sana'a. A ganina karyewar furannin da matsalar wutar abu ɗaya ne, domin yumɓun da bai gasu sosai ba shi ne yake ɓallewa haka. Wannan yumɓu ba ƙasa ba ce, ba shi da alaƙa da yumɓun tukwane irin wanda ɗaliban sashen Industrial Design na Jami'ar Ahmadu Bello suke gasawa a zafin da kan haura digiri 1000. Garin robar PVC ne aka kwaɓa da wani mai da ke sa shi laushi, kuma ba ya bushewa a iska ko da zai shekara a ajiye. Abin da zafi yake yi shi ne ya narkar da ƙwayoyin robar su haɗe su zama jiki ɗaya. Idan zafin bai kai ba, ko kuma lokacin ya gaza, waje zai yi tauri ki ɗauka ya gasu, alhali ciki bai haɗe ba.

Kowane kamfani yana rubuta ma'auninsa a jikin leda, kuma ba su zama ɗaya ba. Fimo, wanda kamfanin Staedtler na Jamus yake yi, digiri 110 ne a ma'aunin Salshiyos na tsawon minti 30. Premo na Amurka yana bukatar digiri 130, minti 30 ga kowane kaurin milimita 6, shi kuwa Kato sai an kai shi 150. Ƙara lokaci ba ya cutar da kayan, yakan ma ƙara musu ƙarfi, ƙarin zafi ne yake ƙona su. Idan kuwa suka ƙone har suka yi baƙi, hayaƙin da ke fita yana ɗauke da iskar da ke sa ƙaiƙayin ido da maƙogwaro, saboda haka a buɗe tagogi a fitar da yara nan take.

Shawarata ita ce ki sayi ma'aunin zafi na obin a wajen masu sayar da kayan kek, domin lambar da ke jikin makunnin ƙananan obin ba abin dogaro ba ce. Ki ɗora kayan a kan farar takarda bisa gutsuren tayil, ki kife musu wani kwanon alminiyom don kada ƙarfen da ke ba da zafi ya babbake samansu. Ki kuma riƙa sa siririn yanki na gwaji a kowace gasawa. Bayan ya huce ki lanƙwasa shi, idan ya lanƙwasu ya dawo to ya gasu, idan ya karye ƙas to da saura.

Batun tukunya da yashi ban goyi bayansa ba sai da ma'aunin zafi a ciki, saboda kek a wajen digiri 180 ake gasa shi, kuma yashin da ke gindin tukunya yakan wuce haka nesa.

Uwar Biyu (Sabon Gari):

Anti, Malam ya gama magana kan gasawa, ni kuma zan taɓa batun gwanjo da mannewa, tunda nan ne na fi sabawa. Gam mai saurin kamawa idan ya bushe tauri yake yi kamar gilashi, shi kuwa maƙali kullum ana buɗe shi ana rufewa, ƙarfen yana ɗan lanƙwasawa, don haka dole wata rana su rabu. Hanyar da ta fi inganci ita ce yumɓun da kansa ya riƙe ƙarfen. Ki fara gasa furen, sannan ki goge bayansa da saman ƙarfen da samfefa, ki buɗe maƙalin ki ratsa siririn ɗanyen yumɓu ta ƙarƙashin ƙarfen sama, ki manna bakinsa biyu a bayan furen, ki sake mayar da su obin tare. Idan kina da yumɓun folima na ruwa, ɗigo ɗaya a wurin haɗin yana sa ɗanye ya kama gasasshe. Inda ba makawa sai gam, ki nemi mai bututu biyu da ake gaurayawa, wanda masu kayan gini suke sayarwa, ki kuma ba shi kwana guda kafin ki taɓa.

Wannan ke nan sai kin tantance abin da zai shiga obin. Ƙarfe, gilashi, tangaran da dutse na gaske duk suna jure wannan zafi. Duwatsun roba da maɓallan roba kuwa narkewa suke yi ko su murɗe, kuma mafi yawan abin da ke ƙyalli a tarin gwanjo roba ne. Na gilashi ya fi nauyi, kuma idan kika ɗora shi a kunci za ki ji sanyi. Na roba sai ki danna shi a ɗanyen yumɓu ya bar gurbinsa, ki cire, ki gasa, sannan ki manna shi daga baya.

Duk abin da kika tsinto ki wanke shi da sabulu da tsohon burushi, ki goge da sifirit. Ƙarfen da ya fara tsatsa ko rufinsa ya fara ɓarewa ki bar musu abinsu komai arharsa, domin kan yarinya yana haɗuwa da ruwan wanka da na alwala da man kitso, kuma akwai yaran da fatarsu ba ta shiri da ƙarfen nikel. Kada kuma ki shafa jan farce don neman sheƙi, yakan sa kayan su yi danƙo bayan wani lokaci.

Inna Mai Kitso (Ƙofar Doka):

'Yata, ni ban san gasa yumɓu ba, amma kan yara a hannuna yake wucewa, musamman daren Sallah, saboda haka ki saurara. Duwatsun bakin kitso su zama marasa nauyi, domin masu nauyi suna jan gashin gaban goshi har ya zube. Hudarsu ta zama mai faɗi yadda jelar kalaba za ta shiga, bakin hudar kuma ya zama sumul, in ba haka ba yana cin gashi. Ƙananan duwatsu kada ki sayar wa mai ɗiya 'yar ƙasa da shekara 3, domin komai baki suke kai shi.

Sannan ki duba garin da kike. Mace babba a Zariya da ɗankwali da mayafi ko hijabi take fita, kuma maƙali mai tudu a ƙarƙashin ɗauri ciwon kai kawai yake sa ta. Idan kina son cinikin manya, ki yi musu fil na maƙale mayafi da hijabi, mai launin da zai shiga da atamfa ko leshin anko. Warin 'yan kunnen nan da kike tsinta sun fi dacewa da wannan aiki fiye da kan yara.

Bazazzagiya (Tudun Wada):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna, batun fil ɗin anko ya shige ni sosai. Malam, waɗanda aka ɗauke wuta suna tsakiyar gasuwa, za a iya sake gasa su ko sun lalace ke nan? Na kuma lura wani ƙullin yumɓun ya fara tauri tun yana cikin ledarsa.

Malamin Zane (Samaru):

Za a iya sake gasa su, Hajiya, ki fara lissafin lokacin daga farko bayan obin ya kai zafin da ake bukata, amma ki ɓamɓare duk wani gam ko dutsen roba da kika riga kika manna. Taurin wanda ke cikin leda kuwa mai yiwuwa zafi ne ya fara taɓa shi, domin a watannin Maris da Afrilu ɗaki mai rufin kwano ko cikin mota da aka rufe sukan isa su fara gasa shi a hankali. Ki yanka shi ƙanana ki murza da kwalba tare da ɗan sabo mai laushi. Idan ya haɗe to yana da amfani, idan kuwa ya ci gaba da marmashewa ya riga ya gasu. Ragowar ki naɗe su a ledarsu ki ajiye a wuri mafi sanyi a ɗakin, cikin mazubin roba mai lamba 5 a gindinsa, domin ɗanyen yumɓu yana narkar da robar nan mai garau mai lamba 6. Idan hunturu ya shigo kuma ki riƙa goge tayil da hannuwanki kafin ki taɓa farin yumɓu, ki fara da launuka masu haske kafin masu duhu, saboda ƙura da zaren tufafi suna mannewa a jikinsa.