An ce ko a yanke ƙafar ɗana ko a sa masa ƙarfe, ku ba ni shawara

Maman Khalifa, Rigasa:
Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 11. Tun bayan ƙaramar salla yake ɗingishi, muka ɗauka targaɗe ya yi a wurin ƙwallo. Wata biyu muna sintiri gidan mai ɗori, kumburin saman gwiwa sai ƙaruwa yake. Da aka ɗebi tsoka a asibitin Shika na Zariya aka ce sankarar ƙashi ce, osteosarcoma. Yanzu yana karɓar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, gashinsa duk ya zube. Likita ya ce ko a yanke, ko a cire ƙashin da ya kamu a sa ƙarfe. To yaron da bai gama girma ba, ɗaya ƙafar ba za ta tsere wa mai ƙarfen ba? Jiya ya tambaye ni yaushe zai hau kekensa, na rasa bakin magana.

Nas Ummi, Kawo:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Tambayarki na kan hanya, Hajiya. Ƙashin cinya ta wajen gwiwa ya fi yin tsawo, kusan santimita 1 a shekara, kuma nan ɗin za a cire. Shi ya sa aka ƙera ƙarfe mai miƙewa. Wani sai an yi ƙaramar tiyata a murɗa shi. Wani kuma, irin na Stanmore a Ingila, maganaɗisu ne a ciki: yaro ya zura ƙafa cikin na'ura, cikin minti 16 ta ƙaru da milimita 4, babu yanka. Amma yana da tsada sosai, yakan kwance ko ƙwayar cuta ta shiga, a sake tiyata. Ki tambaya ko ciwon ya taɓa jijiyoyin bayan gwiwa, kuma a yi hoton huhu, don can ciwon ya fi saurin zuwa.

Baban Walida, Tudun Wada:
Tawa an yanke mata, shekara huɗu ke nan, don ciwon ya riga ya nannaɗe jijiya. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Yau da ƙafar roba take zuwa Islamiyya ita kaɗai. Ki je asibitin ƙashi na Dala a Kano ki ji bakin wani likitan, amma don Allah kada neman kuɗin ƙarfe ya sa a tsallake kemo ko sau ɗaya.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Talata za mu koma, na rubuta tambayoyin a bayan katinsa. Baban Walida, wata nawa ta yi kafin ta fara takawa?