Wane zarton yanka ado sabon kafinta zai saya?

Zarton yanka ado inji ne mai siririn ruwan zarto da ke hawa da sauka, ana yanka zane a katako da shi. Bakin masu sana'ar ya zo ɗaya kan abu guda: kafin farashi, duba irin ruwan zarton da injin ke karɓa. Ruwan zarto mai 'yar ƙusa a kai sai an huda babban rami kafin ya shiga, don haka ƙananan zane na cikin katako su gagare shi. Nemi wanda ke karɓar marar ƙusa.

Inji mai inci 16 (wato tazarar da ke tsakanin ruwan zarto da bayan injin), irin na kamfanin WEN, ya ishi mai koyo, muddin ana iya rage masa gudu. Kan DeWalt DW788 mai inci 20 aka rabu: wasu suka ce a jira na hannu, wasu suka ce tsadarsa ta fi ƙarfin ɗan koyo. Ni ina tare da na farkon.

Inji mai araha yana jijjiga, sai a ɗaure shi da noti a jikin tebur.