Abin da aka tattara kan karatun sadarwar kwamfuta da tsaronta a jami'a

Jama'a, an tattauna kan yadda ɗalibin jami'a zai tunkari karatun sadarwar kwamfuta da tsaronta. Ga abin da ya fito daga bakin mutane, a taƙaice.

1. Kusan kowa ya yarda a fara da tushe. Wanda bai gane TCP/IP (ƙa'idojin da kwamfutoci ke bi wajen musayar bayanai) da rabon adireshin IP (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a kan sadarwa) ba, bai kai maganar tsaro ba tukuna. Linux kuwa, wato babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, dole ce.

2. Lacca kaɗai ba ta isa. A sauke manhajar Packet Tracer a riƙa haɗa na'urori na gwaji, a buɗe manhajar Wireshark a ga yadda bayanai ke wucewa. Tsohuwar laftof ma tana yi.

3. An rabu a kan satifiket. Wasu sun ce a yi CCNA (satifiket ɗin sadarwa na kamfanin Cisco) tun ana aji uku, domin masu ɗaukar aiki suna duba ta. Wasu sun ce da dala ake biyan kuɗin jarrabawar, gara a gama digiri sannan a nemi Security+ (satifiket ɗin tsaron kwamfuta). Ni dai ina bayan na farko, in da hali.

4. An ambaci FUT Minna (Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna) saboda sashenta na tsaron intanet.

5. Lokacin SIWES (horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke zuwa yi a ma'aikatu), a nemi kamfanin sadarwa inda za a taɓa waya da sabar (kwamfutar da ke ajiye bayanai tana raba wa sauran), ba ofishin buga takardu ba.

6. Babu wanda ya musa wannan: gwada Kali Linux (nau'in Linux mai kayan gwajin kutse) a kan na'urar wani ba da izininsa ba laifi ne a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015.