Neman shawara: karatun akanta ga wanda ya daɗe da barin makaranta

Ɗan Maigatari:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Tun 2009 na gama sakandare na shiga kasuwa, yanzu ni ke riƙe wa maigidana littafin riɗi da zoɓo da muke saye a ƙauyuka, ga iyali. Ina son in yi karatun akanta in samu takarda amma na rasa ina zan dosa, foli ko jami'a ko NOUN ɗin nan, jami'ar karatu daga gida? Ba zan iya sakin kasuwa gaba ɗaya ba musamman da kaka, kuma a WAEC D7 na ci a lissafi.

Malamin firamare, Ringim:
Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka fara da D7 ɗin nan tukuna, don duk inda ka je sai sun nemi kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kuma yawanci zama biyu kawai ake yarda a haɗa. Ka yanki NECO ko WAEC ta 'yan waje wadda ake yi wajen ƙarshen shekara ka gyara, kar ka kashe kuɗin fom kafin nan.

Maman Ilham:
Yaya ni NOUN nake yi, aure da yara ba su bar ni na je aji kullum ba. Ba sai ka zana JAMB ba, akwai cibiyarsu a Dutse, can ake zuwa jarrabawa, sauran aikin ta intanet ne. Amma wallahi sai mai haƙuri don babu malamin da zai tsaya a kanka, kuma a ƙauyenmu sabis ba ya zama, wani lokaci sai na shiga gari sannan in iya tura aiki, ga caji ga data. Kuma akanta ba karatun hadda ba ne, in ba wanda zai nuna maka yadda ake daidaita asusu a allo za ka sha wuya a shekarar farko.

Akawu daga Haɗeja:
Tambayar da zan maka, me kake so ka yi da takardar? In harkar kasuwarku kake son ka riƙe da kyau, ND, wato ƙaramar difloma ta shekara 2, ta ishe ka farawa, ga foli a Dutse da Kazaure da nan Haɗeja, ka je da ƙafarka ka tambaya ko suna da na ƙarshen mako kuma ko NBTE, hukumar da ke kula da foli-foli, ta amince da kwas ɗin, kar ka yarda da maganar ɗan tsakani. Akwai kuma ATS, jarrabawar ƙananan akantoci ta ICAN, wato ƙungiyar ƙwararrun akantoci, mataki uku ce, da takardar sakandare ake shiga kana kasuwarka kana karatu, mutanenmu da yawa ba su ma san da ita ba. ANAN kuwa, ɗaya ƙungiyar akantocin, sai kana da digiri ko HND, wato babbar difloma. Zancen bautar ƙasa kar ya dame ka, wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu, takardar yafewa ake ba shi.

Ɗan Maigatari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da gyaran lissafin insha Allah. Yallaɓai akawu, ita ATS ɗin akwai inda ake koyar da ita a Kano ran Asabar da Lahadi?